Wasiƙar Zonkwa a Tsakiyar Teku

Ita fa Irene ba ta tashi da niyyar yi wa kowa ƙarya ba. Shiru kawai ta yi, shirun ne ya ja mata.

Ranar wata Lahadi a watan Oktoba, shekara ta biyu da shigowar korona, bayan an tashi daga coci a Gaithersburg, ta ja ƙawarta Linda gefe ta roƙe ta ta riƙe mata ganga a zumuntar mata na mako biyu, don ta samu hutun kwana tara a asibiti kuma ba za ta kasance a gari ba. Linda ta dube ta ta saman takunkumi, ta tuna jiya-jiya ta hango ta a kanti tana jan sabon akwati. Shi ke nan, magana ta ƙare. A wurin mutanenmu, nas mai shekara hamsin da shida ba ta ɗaukar hutu ta sayi akwati sai in gida za ta. Kafin Irene ta kai inda ta ajiye mota, mutum uku sun ce mata ta gaida Jos.

Alhali ba Jos za ta ba. Jirgin ruwa za ta hau, irin na yawon shaƙatawa, ya tashi daga Baltimore ya zaga tsibiran Bahamas ya dawo, kwana takwas, ita kaɗai. Da son ranta ne gida za ta, amma a lokacin duk wanda ya sauka Najeriya sai ya killace kansa kwana bakwai, to me ya rage a kwana tara? Ga shi jikinta ya ƙi. Wata goma sha takwas tana ɗakin masu numfashi da na'ura, tana riƙe wa marasa lafiya waya su yi ban kwana da iyalinsu. Likitarta ta ce ta je ko'ina ne ta huta, in ba haka ba ita ce za a kwantar.

To amma ta yaya za ta buɗe baki ta faɗa? Mahaifiyarta ta rasu a Vom watan Yulin bara, lokacin filayen jirgin sama na rufe. A waya ta kalli yadda aka binne ta, tana tsaye a wurin ajiye motocin asibiti da kayan aiki a jikinta, hoton yana tsayawa yana tafiya. Har yau ba ta taka gefen kabarin ba. Sai kuma a ji ta tafi shanya ƙafa a rana kamar Baturiya? Haba. Kunya ta riƙe mata harshe, ta ce "za su ji" ta shiga mota.

Wanda bai zauna ƙasar waje ba bai san abin da ake nufi da mutum zai je gida ba. Tun safiyar Litinin aka fara buga mata ƙofa. Wannan ta kawo takalma ƙafa uku na 'ya'yan ƙanwarta, wancan maganin ciwon gwiwa kwalba huɗu, wata kuma tsohuwar waya da man shafawa, kowa yana cewa "ɗan ƙaramin saƙo ne, ba nauyi." Irene ta dinga tsayawa a bakin ƙofa tana cewa su yi haƙuri, kilo ya cika. Wannan ce ƙaryar farko da ta fito daga bakinta da gaske, kuma ta yi mamakin yadda ta zo mata da sauƙi.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga Baba Katung da sandarsa. Tsohon hedimasta ne daga Zonkwa, shekararsa saba'in da takwas. Ya zo wurin 'yarsa Sophia a yi masa aiki, da nufin wata uku, sai aka rufe duniya yana ciki. Da aka buɗe, likita ya ce da sauran magani, Sophia kuma ta ce ba inda za shi sai an gama. Matarsa tana can Zonkwa, ita ma ba ta samu biza ba. Wata ashirin ke nan. Layi biyu ne tsakanin gidan Sophia da na Irene, da ƙafa ya tako, yana tsayawa yana hutawa.

"Baba, da ka aiko ai na zo," in ji Irene, ta rusuna ta karɓi sandar.

"Mai nema shi ke zuwa, 'yata. Na ji an ce kilonki ya cika. Nawa ba na akwati ba ne, na jakar hannu ne."

Ya ciro wani ɗan ƙunshi daga aljihun babbar rigarsa, an naɗe da takarda an zagaye da salatif har sau nawa. A bayansa an rubuta, da irin rubutun malaman da, mai tsayi a karkace: Maman Sophia, Zonkwa. Ƙasa kuma lambar wayar matar fasto, maƙwabciyarsu.

"Gilashin karatu ne, nata ya tsufa. Da wasiƙa. Muna magana a wayar bidiyo duk Lahadi, amma Sophia ce ke riƙe wayar a nan, matar fasto ke riƙe ta a can. Me mutum zai ce wa matarsa a gaban mutane?" Ya yi 'yar dariya. "Ko ba ki isa Zonkwa ba, ki ba direban Kafanchan a tasha, sun san gidan."

Nan ne ya kamata ta faɗa. Sai ta dubi yadda tsohon ya riƙe ƙunshin da hannu biyu, ta miƙa nata hannun biyu ta karɓa. Ya sa mata albarka, ya yi mata addu'ar hanya mai tsawo, har da roƙon Allah ya tsare ta a hanyar Abuja zuwa Jos. Ta ce amin.

Ranar Asabar ta yi sammako ta tuƙa zuwa Baltimore. Aka duba katin riga-kafi, aka duba takardar gwaji, aka ɗana mata abin awon zafi a goshi, ta shiga. Ƙunshin Baba Katung yana jakarta, don ta kasa barinsa a gida. In ka tambaye ta dalili ba za ta iya faɗa ba.

Tabɗi, jirgi! Bene a kan bene, ya fi duk wani gini da ta sani a Jos, amma rabinsa ba kowa. Kujeru jere a bakin wurin iyo, ɗaya da mutum uku babu. Wurin abinci ba a bari ka ɗiba da kanka, ma'aikata ne da safar hannu suke zuba maka, suna murmushi da ido. Aka ba ta tebur na mutum shida ita kaɗai. Ta ci kifi, ta ci wani abu da ba ta san sunansa ba, ta koma ɗaki ta yi barcin da ta yi shekara biyu ba ta yi ba.

Kwana biyu na farko ruwa kawai take kallo. Ita 'yar dutse ce, ruwa mafi girma da ta sani tana yarinya shi ne kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a hanyar Bukuru, wanda uwarta ta hana su ko leƙawa, wai akwai abin da ke jan ƙafar yara. Yanzu ga ta a kan ruwan da ba shi da gaɓa, kuma ba wanda zai ƙwala mata kira ta dawo. Ta tuna sanyin safiyar Vom, da warin hayaƙin itace a jikin zanen uwarta, da kunun acca mai zafi a kwanon sha mai murfi. Ta yi kewar gida ƙwarai. Ashe hutu ma wuri yake ba mutum ya tuna abin da aiki ya danne.

Da jirgi ya tsaya a tsibiri ba ta sauka ba. Ta zauna a barandar ɗakinta da ƙunshin nan a cinya, tana juya shi. Sai wani abu ya dawo mata da ta daɗe ba ta tuna ba.

Tana aji biyar a firamare ita ce mai karanta wa matan unguwarsu wasiƙa. Mazajensu suna aikin reluwe a Kafanchan, wasu soja ne a Kaduna ko Legas. In wasiƙa ta zo, mace za ta shigo gidansu da ita a ƙulle a bakin zane, a kifa wa Irene turmi ta zauna, ta karanta da ƙarfi. Wata ta yi dariya, wata ta ce a maimaita wuri kaza, wata ta tashi ba sallama. Sannan a yago takarda daga tsakiyar littafin lissafinta a ce rubuta amsa. Ladanta ɗanyen dankali ne ko ƙwai ɗaya. Uwarta kuwa tana gefe tana sheƙar acca kamar ba ta ji, amma duk ranar da Irene ta tsallake wani layi don kunya, sai ta ji murya daga bayan faifai: "Koma baya. Ba ke kika rubuta ba, ba ke za ki rage ba."

Irene ta share ido, ta sauka wurin masu kula da baƙi ta ce a haɗa mata intanet. Washegari da hantsi, lokacin la'asar ta yi a Zonkwa, ta buga lambar da ke jikin ƙunshin.

Matar fasto ta ɗauka, suka gaisa, ta ce a ba ta minti biyu. Irene tana jin takunta, da kukan akuya, da ƙarar injin niƙa daga nesa. Can sai wata murya siririya ta ce, "Wa ke nan?"

"Mama, sannu da gida. Irene ce, daga cocin su Sophia. Baba ya ba ni saƙo in kawo miki."

"Ayya, 'yata! Ya gaya mini ranar Lahadi. Kin sauka lafiya? Kina Jos ne? Yaushe za ki shigo in sa a kama kaza?"

Irene ta dubi ruwan. Ta ce, "Mama, ban zo Najeriya ba. Ina tsakiyar teku, a jirgin ruwa. Yawo na fita. Kunya ce ta hana ni gaya wa Baba, na karɓi saƙonsa ina sane ba zan kai ba. Ki gafarta mini."

Sai tsohuwar ta ce, "Tsakiyar teku? Me kika je nema?"

Irene ta ba ta labari, tun daga asibiti har kabarin da ba ta gani ba. Tana faɗa tana kuka, kukan da ba ta yi ba a wurin ajiye motoci don a lokacin minti goma kawai aka ba ta.

"To, ya isa," in ji Maman Sophia. "Uwarki tana nan inda aka kwantar da ita, ba inda za ta. Ranar da kika samu hanya kya je. Suna ba ku abinci a ciki?"

"Suna bayarwa, Mama."

"To ki ci. Me ya aiko?"

"Gilashin karatu da wasiƙa."

Irene ta ji tsohuwar ta ce wa matar fasto ta ajiye mata wayar a cinya ta je ta duba tukunyarta. Sai da takun ya yi nisa ta ce, "Buɗe ki karanta mini."

Irene ta yanke salatif da ɗan almakashin farce. Shafi biyu ne. Ta gyara zama, ta gyara murya, kamar a kan turmi.

Baba ya fara da gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan tana lafiya kamar yadda yake lafiya. Ya tambaya ko an gyara kwanon ɗakin baya kafin ruwan bana, ya ce kada ta bari a sare mangwaron bakin rijiya ko da yana zubar da ganye. Ya ce abincin Sophia ba laifi, amma miyarta ba ta jin daddawa, kada dai a gaya mata. Maman Sophia ta yi dariya har da tari. Daga nan rubutun ya ƙanƙance. Ya ce shekara hamsin da ɗaya bai taɓa gaya mata ba, ranar da ya fara ganinta a tashar jirgin ƙasa tana sayar da rake, canjinsa daidai ne, ƙarya ya yi ya ce ta rage masa don ya sake komawa. Ya ce a nan gidan komai na lantarki ne, ba a jin motsin kowa, yakan farka da safe ya kasa kunne ko zai ji tsintsiyarta a tsakar gida. Ya ce yana tsoron kada ya mutu a ƙasar mutane a sa shi a akwati kamar kaya. Ya ce ya yi kewarta, kuma ya rubuta kalmar ne don ya san bakinsa ba zai iya ba.

Irene ta so ta tsallake wannan layin na mutuwa. Ba ta tsallake ba.

"Maimaita wurin tsintsiya," in ji tsohuwar. Ta maimaita.

Sannan Maman Sophia ta ce, "Kina da biro? Rubuta. Ki ce na ga wasiƙa. An gyara kwano. Mangwaro yana nan. Ki ce zancen rake na sani tun ranar. Ki ce ya sha maganinsa ya gama, kada ya yi gaggawa. Ki ce gilashi ya yi mini daidai."

Biron Irene ya tsaya. "Mama, gilashin ai yana hannuna."

"Ko yana hannuna ma ɗaya ne, 'yata. Idon ya tafi. Tun bikin Ista hazo ya rufe, yanzu sai dai in gane rana ta fito. Matar fasto kaɗai ta sani, na kuma rantsar da ita. In ya ji zai bar magani ya taho, na san shi."

Nas ɗin da ke cikin Irene ta farka. Ta tambaye ta ko da ciwo, ko a hankali ya zo, ko farin abu ne a ƙwayar idon. Amsoshin suka yi kama da yanar ido, wadda ake cirewa mutum ya ga gari, in dai an kai shi wurin likita. Amma wa zai kai ta, tunda ta ɓoye wa masu kai ta?

"Mama, zan rubuta yadda kika faɗa, kalma ba zan canja ba. Amma in ya dube ni ya tambaye ni, ba zan sake yi masa ƙarya ba. Wadda na yi ta ishe ni."

"Ke dai 'yar Jos akwai taurin kai," in ji tsohuwar. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce a gaida mutanen jirgi.

Sauran kwana ukun Irene ta ci abinci, ta zaga saman jirgi da safe, har ta shiga ruwa iya gwiwa a tsibiri na biyu. Amma kullum lissafi ɗaya take. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe: ta ɓoye gilashin a durowa, ta miƙa amsa, ta ce Mama tana gaisuwa, ta sayo ɗan kilishi a shagon 'yan Afirka ta raba a coci a matsayin tsaraba. Ba wanda zai sani. Tsoho zai gama maganinsa hankali kwance, tsohuwa kuma ta ci gaba da lalube a tsakar gida.

Ranar Lahadi jirgi ya dawo Baltimore. Ba ta biya gida ba, kai tsaye ta wuce gidan Sophia. Ganyen itatuwan layin duk sun yi ja sun fara zuba. Sophia ce ta buɗe, ta ce cikin mamaki, "Anti, har kin dawo?" sannan ta koma kicin. Baba Katung yana falo, sanye da farar babbar riga da hula, an goge su tas.

"Maraba da mutanen Jos! Kin same ta? Ya take?"

Irene ta durƙusa a gabansa. Ta ciro gilashin ta ajiye a kan tebur, ta ajiye amsar a gefensa. Ta gaya masa inda ta je, ba ta rage komai ba. Tsohon ya dubi gilashin, ya dube ta. Ya ɗauki takardar ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi. A wurin rake ya murmusa. Da ya kai layin ƙarshe sai ya tsaya, ya sake duban gilashin da ke kan tebur.

"Wa ya karanta mata tawa?"

"Ni ce, Baba. A waya."

"Duka?"

"Duka."

Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama. Can ya ɗago. "Ta ce gilashi ya yi mata daidai. Ga gilashi nan. Maman Sophia ba ta ƙarya a banza. Me take ɓoye mini?"

Irene ta gaya masa. Ta ce tun Ista ne, ta ce a ganinta yanar ido ce, ana cirewa, amma sai an kai ta asibiti, kuma kada a ƙara wata guda ana jira. Ta ce Mama ta hana a faɗa don kada ya bar magani.

"Tun Ista," in ji shi.

Ya shafa gaban rigarsa, ya gyara aikin wuyan da yatsa. Daga kicin Sophia ta ɗaga murya ta ce lokacin kiran Mama ya yi, ga ta nan zuwa da waya.

"Duk Lahadi nake sa a goge mini rigar nan," ya ce a hankali. "In zauna a gaban waya in gyara hula. Ita kuma ta ce, Malam, ka yi kyau yau."